Zum mai zamewa da kansa: yadda aikin ɗaukar takardun Malam ke tafiya a Jos

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Aikin shi ne ɗaukar hoton takardun kakanmu Malam, Allah ya ji ƙansa, warƙa bayan warƙa, kafin gara da damshi su ƙarasa abin da suka fara. Suna gidan Baffa a Gangare, wasu a gafaka, wasu a tsohuwar adaka: waƙoƙin wa'azi da ajami, fiƙihu da Larabci, wasiƙu, har da rasit na zamanin haƙar kuza. Ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne sake tsakanin kwali biyu, yadda malaman ƙasar nan suka saba ajiye littafi. In ka ɗaga wasu wajen haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda fatake ke kawowa daga Italiya a ƙarni na 19. Baffa ya yarda bisa sharaɗi biyu: takarda ba za ta bar gidan ba, kuma ba mai taɓa ta sai da alwala.

Kayan aikin ba su da yawa. Kyamara mai megafiksel 24, lens 18–250mm da na saya na hannu, ƙafar kyamara mai sandar da ke kwantawa, fitila biyu, baƙin yadi da rula. Kyamara na sama tana kallon ƙasa sak, takarda na kwance a kan yadin. Na tsayar da zum, wato abin da ke jawo hoto kusa ko ya nisanta shi, a 50mm, faɗin hoton ya kama santimita 30, wato warƙa ɗaya da rula a gefenta da ɗan baƙin fili ta kowane ɓangare. Fiksel 6,000 a kan santimita 30 ya ba da 200 a kowace santimita, kimanin 500 ke nan a inci. Masu adana takardu 300 suke nema a matsayin mafi ƙaranci, don haka muna da rara.

Da dare na zuba hotunan a kwamfuta. Na farko-farko lafiya lau. Ana tafiya baƙin filin na ƙanƙancewa, can sai rula ta fice, can kuma aka fara cin hashiya, ƙananan bayanan da Malam ke rubutawa a gefen shafi, waɗanda su ne ma Baffa ya fi damuwa da su. Rubutun kuma ya yi dishi-dishi. Ba wanda ya taɓa kyamarar, da rimot nake ɗauka. Amma lokacin da na sauke ta, hancin lens ɗin ya fi yadda na bar shi tsawo.

Lahadi, 8 ga Disamba

Kowane hoto na ɗauke da bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa, EXIF: lokaci, saurin shata, da inda zum yake. Na jera na jiya. Ya daɗe a 50, sai ya nuna hamsin da 'yan kai, sannan 60, kuma da ya wuce nan bai ƙara jan ƙafa ba har wajen 100. Daga 50 zuwa 60 kaɗai, santimita 30 ta koma wajen 25. Biyar ɗin da ta ɓata, hashiya ce da rula.

Dishi-dishin kuma ga dalilinsa. Yawancin lens masu dogon zango irin wannan ba sa riƙe fokas, wato saitin da ke sa hoto ya fito da kaifi, in zum ya motsa. Na masu shirya fim, masu tsadar nan, an ƙera su su riƙe. Namu na hoto an bar wa otofokas, wato fokas ɗin da kyamara ke yi da kanta, ya riƙa gyarawa. Ni kuwa a kashe yake, haka aikin takarda ke so, don kada ya tsaya farauta a kowane shafi. Saboda haka kowace zamewa ɓarna biyu take yi, ta yanke gefe kuma ta dusashe tsakiya.

Na gwada a hannu. Na sa 50, na kifa kyamarar, na ɗan girgiza: zurrr, ya zuro. Na sa 135 na ɗaga ta sama, ya koma ciki da kansa. A kwance kuwa ko gezau.

Laraba, 11 ga Disamba

Ga abin da ke faruwa a ciki. Zoben zum da kake murzawa yana juya wani bututu mai karkatattun tsagogi. A cikin kowane tsagi akwai ɗan fegi sanye da roba mai tauri, shi kuma yana haɗe da rukunin gilasai. In bututu ya juya, fegi ya bi tsagi, gilasai su yi gaba ko baya. Matsalar ita ce hanyar nan ana bin ta ta kowane ɓangare. Yadda murza zobe ke tura gilashi, haka nauyin gilashi ke iya murza zobe. Abin da ke hanawa tirjiya ce kawai: matsewar fegi a tsaginsa, kaurin giris, da wani siririn ƙyalle mai laushi da ake liƙawa tsakanin bututun ciki da na waje. Shekaru na tafiya fegi na cinyewa, ƙyalle na kwantawa, giris na gudu daga inda aka sa shi.

Karkatar tsagin ita ce gaskiyar maganar. Noti ba ya kwance kansa da nauyinsa, domin zarensa kusan a kwance yake. Amma lens da zai tashi daga 18 ya kai 250, ninki kusan 14, cikin murzawar da ba ta kai rabin zagaye ba, dole tsaginsa ya miƙe sosai. Kuma miƙewar ba ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe. Nawa yana ɗan daurewa daga 18 zuwa wajen 28, daga 35 ya fara rawa, tsakiyar kuwa gangare ce zalla. Mota ce aka faka a Hawan Kibo ba weji: akwai inda za ta tsaya, akwai inda sai dai addu'a.

Abin da ke jan ta kuwa nauyin gaban lens ne, inda gilashi mafi faɗi yake, ga filta, ga hular da ke tare masa hasken rana. Yawan nauyin da ke bin tsawon bututun ya danganta da yadda ka karkata kyamarar. A kwance babu komai. A digiri 30 rabin nauyin ne, a 45 kashi 71 cikin 100, a 90 dukansa. Mai ɗaukar biki ko taro yawanci a kwance yake riƙe da kyamara, shi ya sa zai shekara da lens bai san yana da wannan hali ba, sai dai ya gan shi ya zuro in ya rataye shi a wuya. Aikin takarda kuwa a 90 yake zaune daga safe har yamma, ba inda ya fi nan tona asirin lens.

Abu na ƙarshe da ya fassara mini jerin EXIF ɗin nan: abin da ke tsaye ya fi wanda ya riga ya fara tafiya tirjiya. Shi ya sa ya daɗe a 50 kamar mutumin kirki. Kowace ɗauka madubin kyamara na bugawa, tifa in ta wuce a titi ɗakin na amsawa, yara na rufe ƙyaure da ƙarfi. Kowane ɗaya na kwance shi kaɗan, har ya iso inda tsagin ya miƙe.

Asabar, 14 ga Disamba

Wani abokin sana'a ya ce mini, "Ai akwai makulli a jikinsa." Akwai. A 18 kaɗai yake kamawa. An yi shi ne don tafiya, kada lens ya zuro ya bugi ƙofar mota, ba don ɗauka ba.

Masu ƙera lens sun san da abin tuntuni, kuma makullin nan ne amsar da suka fi bayarwa. Nikon 18–200mm na 2005 ba shi da makulli, wanda ya gaje shi a 2009 ya zo da shi, a 18. Canon 24–105mm f/4L na 2005 haka, samfurin 2016 ya zo da makulli a 24. Waɗanda suka yi abin a zo a gani su ne masu manyan lens. Canon 100–400mm na 1998, wanda ake turawa a jawo maimakon murzawa, yana da zobe na musamman da kake matsewa ko sassautawa yadda kake so, kuma da suka sake shi a 2014 ba su cire zoben ba. Sigma 150–600mm na kulluwa a kowace lamba da aka rubuta a jikinsa. Tamron 150–600mm G2 na 2016 kuwa zoben zum ɗin kansa kake turawa gaba, ya kulle a duk inda yake. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, shi ne abin da nake buƙata. Sai dai duk na masu ɗaukar tsuntsaye da ƙwallo ne, kowanne ya haura kilo ɗaya, kuma daga 100 ko 150 suke farawa. Akwai kuma masu zum a ciki, kamar yawancin 70–200mm f/2.8, waɗanda tsawonsu ba ya canzawa, babu hancin da zai zuro. Kuɗinsu ya isa a sake rufin gidan Baffa.

A nawa wurare biyu ne ba ya motsi in ya kalli ƙasa: 18 a kulle, da 250 inda ya kai maƙura. Na gwada 18. Sai da na sauko da kyamarar wajen santimita 25 daga takarda, inuwarta ta faɗa kan shafin, layukan Malam da ke miƙe suka lanƙwasa a gefe kamar an hura takardar. A 250 kuwa sai an ɗaga kyamarar sama da abin da silin ɗakin zai bari. Inda ake da amfani da shi, tsakanin 35 da 70, nan ne daidai inda ba ya tsayawa.

Asabar, 21 ga Disamba

Tunda a kwance ba ya zamewa, na kawo shawarar a tsayar da takardar.

"Baffa, da za a jingina ta da allo, kyamarar ta kalle ta daga gaba, da an huta."

"Da me za ka riƙe ta?"

"Ko da ɗan fil ne a kusurwa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Fil? A takardar Malam? Kai yaron nan, takardar da ta girmi ubanka ba a tsayar da ita. Kai ka tsaya, ita ta kwanta."

Yana da gaskiya, ba ma don ladabi kaɗai ba. Hunturun nan ya busar da su, gefen wasu na karyewa in ka lanƙwasa, wasu kuma tawada ta ci su har ta huda. Na gwada allo mai ɗan karkata da wata takardar banza, ta sulale ƙasa. An rufe wannan babin.

Na cire filta da hula. Ya ɗan ƙara daɗewa kafin ya tashi, amma ya tashi. Kyauron ɗaure kuɗi da na sa a zoben zum mirginawa yake yi ya koma gefe guda. Robar hannu ta kamfen ɗin 2023 da na samu a ɗakin ƙanena ta fi shi, sai dai siririya ce, rabi a kan zobe rabi a kan jiki, kowanne bai samu abin kirki ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Na je wajen mai faci a Dilimi da lens ɗin a jaka. Tif ɗin keke ya yi ƙanƙanta, ko kusa ba ya shiga. Na babur na shiga da kyar, amma matsewar ta yi yawa, kana jin bututun na kuka, ban yarda da shi ba. Na Keke Napep ne ya zauna daidai. Yaron ya yanko mini zobe mai faɗin yatsa uku da almakashi, ya tambaye ni ko kyamarar ce ta yi faci.

Ga yadda na yi, ga mai son gwadawa. Cikin tif akwai farin gari, wajensa kuma datti da baƙi, to a wanke shi da omo sosai, a shanya ya bushe ƙarau. Garin nan in ya shiga lens ba ya fita. A sa zum a inda ake so tukuna, sannan a zura robar ta gaba, a zaunar da ita rabi a kan zoben zum, rabi a kan jikin da ba ya juyawa. Nan ne mutane ke kuskure. In ka sa ta a kan hancin da ke fita da shiga, za ta kwashi ƙura ta kai ciki ko ta maƙale. In ta hau zoben fokas kuma, a lens ɗin da zobensa ke juyawa lokacin otofokas, injin ne zai sha wahala. Ba kulle zoben take yi ba, tirjiya take ƙara masa daga waje, irin wadda ƙyallen ciki ya daina bayarwa. Kana iya murzawa da hannu, amma nauyin gilashi ba ya iyawa.

Ta rufe mini rabin lambobin da maɓallin kashe mai hana girgiza. Wannan ba damuwa, dama a kashe yake, kyamara a kan ƙafa ba ta buƙatarsa.

Mun yi aiki daga hantsi zuwa la'asar. EXIF ya nuna 50 daga farko har ƙarshe. Na kuma kunna jinkirin madubi, ya ɗaga tukuna, girgizar ta lafa, sannan shata ta buɗe.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ba ranar aiki ba ce, amma wata ya cika, na hau bene da lens ɗin don in ga ɗaya ɓangaren matsalar. Jos na wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka cikakken wata na wucewa kusan tsakar ka da tsakar dare. Na sa 250 ba roba, na ɗaga. Kafin in gama daidaita fokas ya koma wajen 135, watan ya ƙanƙance. Da roba ya tsaya. Abin da zai rikita mutum a nan shi ne watan da kansa tafiya yake yi, cikin minti 2 yana matsawa kimanin faɗinsa, sai ka rasa ko shi ne ya gusa ko lens. Girmansa za ka duba, ba wurinsa ba.

Masu neman jinjirin wata ba su da wannan damuwar. Shi can ƙasa-ƙasa yake a yamma, kyamara kusan a kwance.

Sanyi ya kore ni kafin in yi abin kirki.

Asabar, 25 ga Janairu

Waƙoƙin wa'azi sun kammala, mun shiga fiƙihu. Abin da ya fi cin lokaci yanzu ba kyamara ba ne, jera warƙoƙi ne. Babu lambar shafi. A ƙasan kowace warƙa marubuci na sa kalmar farko ta wadda ke biye, da ita Baffa ke gane inda aka birkita. Yakan tsaya ya karanta baiti biyu da ƙarfi, mu kuma mu jira.

Na lura da wani abu. Da sassafe, lokacin da sanyin Jos ke saukowa wajen digiri 10, ko ba roba lens ɗin ba ya zamewa, zoben ma da nauyi yake murzuwa. Giris ne ya daskare. Zuwa azahar sai ya saki. Wato nasarar da nake gani rabinta ta roba ce, rabi ta hunturu. Bazara za ta faɗi gaskiya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tif na sa hannu baƙi duk wankin da aka yi masa. Mun raba aiki: ɗan yayata ne ke juya takarda, ni ba na taɓa komai sai kyamara da kwamfuta. Ya fi ni haƙuri ma. In ya ga rula ta matsa sai ya ce, "Kawu, duba," tun kafin in gani.

Ƙura kuma na taruwa a bakin robar. Lens mai fita da shiga iska yake zuƙa duk lokacin da ya miƙe, da abin da ke cikin iskar, kuma kowa ya san abin da ke cikin iskar Fabrairu. Duk yamma ina cire robar, in goge wurin da burushi, in mayar da zum 18 sannan in ajiye.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, zafi kuma ya iso tare da shi. Ɗakin rufin kwano ne, ga fitila biyu. Mun mayar da aikin safe zuwa azahar.

Lens ɗin ya dawo da halinsa. Ba irin zurrr ɗin da ba, a hankali yake yi yanzu, yadda ido ba zai kama ba. EXIF ma bai nuna da wuri ba, domin lambar da lens ke aikawa tsalle-tsalle take yi, ba ta ƙirga kowace milimita. Rula ce ta tona shi. Na auna santimita 10 na rular a hoton farko da na ƙarshe, fiksel ɗin ba ɗaya ba ne. Giris ya narke, robar ma ta saki, ta ɗauki siffar lens ɗin ta daina matsewa.

Wannan siririyar zamewar ta fi waccan haɗari a wurina. Ta Disamba tana ihu, ka gani ka sake ɗauka. Wannan kuwa hoto ne mai kyau a ido, amma warƙa ta 1 da ta 80 na littafi guda ba girmansu ɗaya ba, kuma fokas ya ɗan kauce, ɗigon da ke raba harafin ba da harafin ya a ajami ya fara haɗewa. Wanda zai karanta bayan shekara 30 ba zai san laifin kyamara ba ne, zai ce hannun Malam ne.

Na ƙara da salatif. Baƙin na masu gyaran wuta ban ba kowa shawararsa ba, gam ɗinsa na narkewa a zafi ya bar danƙo a jikin zobe. Farin na takarda, wanda masu fenti ke amfani da shi, ya fi tsabta, kuma ana iya rubutu a kansa. Na liƙa guntu biyu, hagu da dama, daga zobe zuwa jiki, na ja layi da biro ya ratsa mahaɗar. In layin ya rabu, an motsa. Sabuwar doka: bayan kowace warƙa 20 a duba layi, a buɗe hoto ɗaya a kwamfuta a auna rula.

Talata, 18 ga Maris

Na kai lens ɗin wajen mai gyara a wajen Taminus, dattijo ne da ya fara tun zamanin fim. Ya kifa shi, ya kalli yadda ya zuro, ya kama hancin ya ɗan jijjiga shi gefe da gefe.

"Alhaji, wannan ba lalacewa ya yi ba, tsufa ya yi. Ka ji wannan ɗan motsin? Fegin ne ya cinye."

"To, Oga, a buɗe a canza?"

"In na samu irinsa. In ban samu ba sai in sa masa giris mai kauri, ya yi maka wata shida. Amma bari in gaya maka tun yanzu, gilasan nan a kan injin aka daidaita su. In na kwance na mayar, wani ya kauce da kaurin gashi, gefe ɗaya na hotonka zai yi kaifi ɗaya ya mutu. Kai da kake ɗaukar rubutu har kusurwa, wanne ya fi maka?"

Ya kuma nuna mini inda siririn burushin ƙarfe yake, wanda ke gaya wa kyamara inda zum ya tsaya, da faffaɗar wayar da ke nannaɗe a ciki. Ya ce yawancin lens da ake kawo masa a leda, masu su ne suka kalli bidiyo a YouTube suka ɗauki sukudireba. Giris mai kaurin ma yana da nasa: a zafi mansa na iya malalowa kan ganyen ƙofar haske ya sa su maƙale.

Abin da ya yarda ya yi kaɗan ne. Ya liƙa siririn ƙyalle a bakin bututun waje ta ciki, inda wancan ya kwanta, ba tare da ya taɓa gilashi ko ɗaya ba. Zoben ya yi nauyi a hannu. A kife ya tsaya a 50, a 100 yana ɗan tafiya in an girgiza. Don biki da yawo wannan ya wadatar, har da rara.

Da zan tafi ya ce, "Amma tsakani da Allah, me ya haɗa aikin takarda da zum?"

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan sallah na sayi 50mm f/1.8 na hannu, mara zum. Kusan kowane kamfani na da irinsa, kuma yana cikin mafi araha a layinsu. Nauyinsa bai kai rabin na wancan ba. Na sa ƙofar haske a f/8, na ɗauki warƙar da muka fara da ita a Disamba, na ajiye su gefe da gefe. A tsakiya bambancin kaɗan ne. A kusurwa kuwa ba a magana, hashiyar ta fito har kana ganin inda alƙalami ya rabu biyu, layukan kuma sun miƙe.

Abin da na rasa shi ne sauƙin murza zobe in takarda ta canza girma. Yanzu kyamarar ce ke hawa da sauka. Don santimita 30, wajen santimita 70 take tsayawa daga takarda. Wasiƙu ƙanana sai in sauko, amma ba ƙasa da 45 ba, nan ne iyakar fokas ɗinsa. Manyan takardun kuza sai ta haura mita, nan kuma sai an ɗora ƙafar a kan tebur. Na liƙa farin salatif a sandar, na yi alama uku da sunan kowane rukuni. Ya fi wahala a saita, amma in an saita an gama, kuma ko wani ne ya zo bayana zai iya maimaitawa.

Shi ma ba waliyyi ba ne. In yana fokas gilasansa gaba suke yi, kuma a kife nauyinsu na bin hanyar guda. Bai motsa ba tukuna, amma na liƙe zoben fokas ɗin, dokar warƙa 20 kuma tana nan.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na bi hotunan baya da rula. Na ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu sun tsaya a girma ɗaya, za a bar su. Na ranar farko da na makon farko na azumi za a sake, da sabon lens. Baffa ya ce a haɗa da waƙar da ya fi so ko da ba ta cikin masu matsala, tunda ya ga yadda hashiya ke fitowa yanzu.

Tsohon lens ya koma aikin biki, da robarsa a jaka don ranar da za a ɗauki kayan lefe daga sama. Na yanko sabon zobe, wancan ya gama saki.

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun Shere. In damina ta zauna takarda za ta sha damshi ta yi laushi, lens kuma na iya yin fumfuna, don haka na sayi bokiti mai murfi da 'yan ƙunshin silika na ajiyar kayan. Saura wasiƙu da takardun kuza. Mako mai zuwa za mu fara da wasiƙu, a alama ta biyu, kuma sai an nemo baƙin yadi mafi faɗi kafin a kai ga manyan.